Jinya, Sallama da Kuɗin Haya: Jagora ga Mai Aiki a Birtaniya

Wasiƙar ba ta zuwa da faɗa. Da gaisuwa ma take farawa, a ce ana fatan jiki ya yi sauƙi, sannan a gayyaci mutum zama ranar kaza domin a duba batun rashin zuwansa aiki. Can ƙasa, a layin da ido ke saurin tsallakewa, sai a rubuta cewa zaman yana iya kaiwa ga sallama. Wanda ciwon baya ya kwantar bayan shekaru yana ɗaga tsofaffi a gidan kula da su ya san wannan takarda, haka ma mai sikila da sanyin hunturu ya yi ta kayarwa. Da ya gama karantawa, kuɗin haya ne ke fara faɗo masa a rai, tunda a Birtaniya wata-wata ake biya, kuma ranar biya ba ta ɗagawa don mutum yana kwance.

Kurakurai biyu ne suka fi cin mutanenmu a wannan gaɓa, kuma duk daga kunya suke fitowa. Na farko, mutum ya ce shi ba zai tsaya a kore shi ba, gara ya ajiye aikin da mutuncinsa. Na biyu, ya ƙi neman tallafi sai ɗan abin da ya tara ya ƙare ƙaf. Kowanne cikinsu asarar kuɗi ce tsagwaronta, wani lokaci ma asarar gida. Abin da zan faɗa a nan ya fi shafar Ingila da Wales. Sikotlan tana tarayya da su a dokar aiki da yawancin tallafi, amma dokar hayarta daban ce, Ireland ta Arewa kuwa tana da nata dokokin.

Fara da duba bizarka

Wanda ya zama ɗan ƙasa, ko yake da izinin zama na dindindin, ko aka ba shi mafaka, ƙofar tallafi a buɗe take gare shi. Amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki, har da bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya da aka buɗe a Fabrairun 2022, wadda ta kawo 'yan Najeriya da Gana masu yawa, an ɗaura masa sharaɗin cewa ba shi da rabo a asusun tallafin gwamnati. Sharaɗin yana rubuce a shafin bizarsa na intanet. Mai wannan sharaɗi ba zai karɓi tallafin Universal Credit ba, ba zai karɓi tallafin haya ko rangwamen harajin ƙaramar hukuma ko kuɗin masu naƙasa na PIP ba. In ya karɓa ya saɓa wa sharaɗin zamansa, kuma abin zai iya taso masa ranar sabunta biza. Kada wani a majalisa ya ce maka ai wane ya karɓa ba abin da ya faru.

Duk da haka ba komai aka toshe ba. Kuɗin jinya da wurin aiki ke biya ba ya cikin abin da aka hana. Tallafin marasa lafiya da ake kira New Style ESA ma ba ya ciki, domin daga inshorar ƙasa da aka riƙa cira a albashinka yake fitowa. Ganin likita ma haka. Iyalin da ke da yara kuma suka rasa matsuguni ko abinci suna iya zuwa sashen walwalar yara na ƙaramar hukuma, wadda sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa nauyin yaron da ke cikin buƙata ko da iyayensa na da wannan sharaɗi. Wanda zamansa ya rataya a kan aure ko iyali yana iya roƙon ma'aikatar cikin gida ta ɗage masa sharaɗin in ya nuna talauci ya kama shi.

Mai bizar aiki yana da ƙarin damuwa. In aka sallame shi, kamfanin zai sanar da ma'aikatar cikin gida cikin kwanakin aiki 10, ita kuma bisa al'ada takan rage masa wa'adin zama zuwa kwana 60 don ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar. Jinya ita kaɗai ba ta wajabta wa kamfani janye ɗaukar nauyi ba. Saboda haka ga irin wannan mutum, riƙe aikin da rai ya fi komai, kuma ya nemi mai ba da shawara kan shige da fice mai rajista tun ranar da wasiƙar farko ta iso.

Takardar likita da kuɗin jinya

Kwana bakwai na farko kai ne shaidar kanka. Daga nan sai takardar likita, wadda suke kira fit note. Tun Yulin 2022 ba likita kaɗai ke rubuta ta ba: nas, mai harhaɗa magani da mai gashin ƙashi ma suna iya bayarwa. Hukunci biyu take ɗauka: ko dai ba ka iya aiki sam, ko kuma kana iyawa in aka sauƙaƙa maka, kamar a rage awoyi, a canja maka irin aikin, ko ka riƙa komawa sannu a hankali. In likita ya zaɓi na biyu amma wurin aikin ya ce ba zai iya yin sauƙin ba, ana ɗaukar ka tamkar wanda ba ya iya aiki. Babban abin kiyayewa shi ne kada a sami giɓi tsakanin wata takarda da mai bi mata. Ka nemi sabuwa tun ta hannunka ba ta ƙare ba, ka ɗauki hoton kowacce kafin ka miƙa.

Kuɗin jinya na doka fam 118.75 ne a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, kuma mako 28 ake biya, ba ƙari. An daɗe ba a biyan kwana uku na farko, masu ƙaramin albashi ma ba sa samu ko kaɗan, har sai da sabuwar dokar haƙƙin ma'aikata ta 2025 ta tanadi cire waɗannan shingaye biyu daga Afrilun 2026. In ka lissafa, abin bai wuce fam 515 a wata ba, wanda ko hayar ɗaki ɗaya ba zai biya ba a yawancin unguwannin Landan. Ka duba yarjejeniyar aikinka, don wasu wuraren, musamman hukumar lafiya ta ƙasa da ƙananan hukumomi, suna biyan cikakken albashi na wasu watanni sannan rabi. Masu aikin ejansi da waɗanda ba a yanka musu awoyi ba su ma suna iya cancantar kuɗin jinya, ko da manaja ya nuna kamar bai taɓa jin labarin ba.

Idan makonni 28 suka kusa cika, wurin aiki zai ba ka fom mai suna SSP1. Ka matsa sai an ba ka, domin da shi ake neman New Style ESA, kuma ana iya shigar da buƙatar tun saura wata uku kuɗin jinyar ya ƙare.

Zaman da aka kira ka

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, dokar Birtaniya ta yarda a sallami mutum saboda rashin lafiya. Dokar Haƙƙin Ma'aikata ta 1996 ta sa gazawar yin aiki cikin dalilan da za a iya sallama a kansu, kuma takardar likita ba laya ba ce da ke hana hakan. Abin da doka ta hana shi ne a yi shi da gaggawa ba tare da bin matakai ba. Tun 1977, a shari'ar wani ma'aikaci mai suna Daubney da ƙaramar hukumar East Lindsey, kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta kafa ƙa'idar cewa sai an zauna da mara lafiya an ji ta bakinsa, an kuma binciki haƙiƙanin halin jikinsa, kafin a yanke hukunci. Kotu takan kuma duba ko kamfanin zai iya ƙara jira, da ko akwai wani aiki mai sauƙi da za a iya mayar da mutum. Babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ana sa ran ya fi ƙaramin shago haƙuri.

Sai dai wannan kariya ta masu shekara biyu a wurin aiki ɗaya ce. Sabuwar dokar 2025 ta tanadi rage wa'adin zuwa wata shida, don haka ka tambayi wanne ke aiki a ranar da abin ya same ka. Wanda bai cika wa'adin ba yana da wata garkuwar, wadda a ganina ta ma fi ta farko ƙarfi, kuma ita ce mutanenmu suka fi ƙyama: Dokar Daidaito ta 2010. Wannan doka tana aiki tun ranar farko, har ma tun lokacin neman aiki. A wurinta, mai naƙasa shi ne duk wanda ke da lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ke takura masa sosai a harkokin yau da kullum, kuma ta kai wata 12 ko ana ganin za ta kai. Ciwon daji, cutar ƙanjamau da cutar jijiyoyi ta MS ana lissafa su tun ranar da likita ya tabbatar. Sikila, ciwon suga, farfaɗiya, ciwon baya mai naci da ciwon damuwa duk suna iya shiga, gwargwadon yadda suke taɓa mutum, kuma ana auna su ne da yadda jikin zai kasance da ba a shan magani.

Na san Bahaushe zai ce Allah ya kiyaye, shi ba naƙasasshe ba ne. Ba wanda ya ce ka karɓi sunan a zuciyarka. Amma da zarar wurin aiki ya san da lalurar, doka ta ɗora masa yin gyare-gyaren da hankali zai ɗauka: a cire ka daga aikin dare, a daina sa ka ɗaga kaya masu nauyi, a ba ka lokacin zuwa asibiti, a mayar da kai wani sashe. Kamfanin da bai sani ba, kuma ba yadda za a yi ya sani, yana iya kare kansa da rashin sanin. Wanda ya ɓoye sikilarsa shekara da shekaru yana ta maza, yana cewa mura ce, ya miƙa musu wannan hujja da hannunsa. Ka rubuta musu, ka ambaci sunan ciwon, ka faɗi abin da yake hana ka da abin da zai taimaka.

Wannan ya fi muhimmanci ga mai ciwon da ke zuwa yana tafiya. Kamfanoni da yawa suna amfani da wani lissafi da ake kira na Bradford: a ninka yawan lokutan da mutum ya yi fashi da kansa, sannan a ninka da jimlar kwanakin. Wanda ya kwanta sau ɗaya na kwana 10 makinsa 10 ne. Wanda ya yi fashin kwana bibbiyu sau biyar, kwana 10 ɗin dai, makinsa 250. Ka ga mai sikila ko mai asma shi wannan lissafi zai fara kamawa. Yana da damar ya nemi a ware fashin da ya shafi lalurarsa, ko a ɗaga masa iyakar da ake fara jan kunne. Mace mai juna biyu kuwa, fashin laulayi daban ake rubuta shi, kuma sallamarta a kansa haramun ce ko jiya ta fara aikin.

Za su iya neman rahoto daga likitanka, amma sai da izininka, kuma Dokar 1988 kan rahoton likita ta ba ka damar karanta shi kafin a aika musu. Za su iya tura ka wurin likitan da ke duba lafiyar ma'aikata. Shawarata ka je. In ka ƙi, za su yanke hukunci da ɗan abin da ke hannunsu, kuma kotu ba za ta ga laifinsu ba. In ka je kuma, kada ka amsa "ya jiki?" da "da sauƙi" irin na gida. Mu gaisuwa muke yi, shi kuwa rubutawa zai yi. Ka faɗa masa yadda ranar da ciwon ya tashi take, minti nawa kake iya tsayuwa, ko kana iya sunkuyawa ka ɗaura takalmi, sau nawa kake farkawa da dare.

Ranar zaman kada ka je kai kaɗai. Duk zaman da zai iya kaiwa ga gargaɗi ko sallama, ka nemi zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago irin su Unison, GMB ko Unite. Sai dai ƙungiyoyin ba su cika karɓar matsalar da ta riga shigar mutum cikinsu ba, shi ya sa ɗan kuɗin wata da ake biya tun ana lafiya ba asara ba ne. In jiki bai ba ka damar zuwa ba, ka nemi a ɗaga, ko a yi ta waya. Ka tafi da abu uku a rubuce: yaushe likita ke ganin za ka iya komawa, wane magani ko aiki ake jira, da wane sauƙi kake nema. Wanda ya ce "an sa mini ranar tiyata a wata mai zuwa, bayan mako shida zan fara da rabin yini" ya fi wuyar sallama a kan wanda ya ce "sai yadda Allah ya yi". Bayan an tashi, ka aika imel a ranar kana taƙaita abin da aka tattauna. A wannan ƙasa abin da aka faɗa da baki ba a cika tunawa da shi ba in rigima ta taso.

Wani manaja zai ja ka gefe ya ce don rufin asirinka gara ka rubuta takardar ajiye aiki, kada a ɓata maka suna. Kada ka amsa a nan take, kuma kada ka sa hannu a komai. Kunyar marar kunya asara ce. Wanda ya ajiye aiki da kansa ya raunana ƙararsa, yana iya rasa kuɗin notis, kuma ofishin tallafi zai iya tuhumarsa da barin aiki ba dalili ya yanke masa kuɗi na kwana 91. Sallama saboda rashin lafiya ba ta jawo wannan horo. In suka kawo tayin a rabu da kuɗi a hannu ka yafe ƙara, irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ka sai lauya ko ƙwararren ƙungiya mai zaman kansa ya karanta maka ita, kuma bisa al'ada kamfanin ke biyan kuɗin lauyan.

In an riga an sallame ka

Ka fara da lissafin haƙƙinka. Notis na doka mako ɗaya ne ga wanda ya wuce wata ɗaya a aiki, sannan daga shekara biyu mako ɗaya a kan kowace shekara, har zuwa mako 12. Ga abin da manajoji da yawa ke kuskurewa: in notis ɗin da ke cikin yarjejeniyarka bai ɗara na doka da mako guda ba, cikakken albashi za a biya ka na makonnin notis, ko da kuɗin jinyarka ya daɗe da ƙarewa. Hutun shekara ma yana ci gaba da taruwa kana kwance, kuma abin da ba ka ci ba kuɗi ne da za a haɗa maka.

Ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin a rubuce, cikin kwanakin da suka ba ka. Amma kada ka zauna jiran amsarsu, domin wa'adin kotun ma'aikata ba ya tsayawa don ana wannan. Ka ɗauka wata uku ne ba kwana ɗaya daga ranar da aikin ya ƙare: wanda aka sallama ranar 10 ga Maris, 9 ga Yuni ce iyakarsa. Kafin kotu, dole ka sanar da hukumar sasanci ta Acas, wadda za ta gwada shirya ku kyauta, kuma lokacin da aka ɗauka ana sasancin ba ya cikin lissafi. Shigar da ƙara ba a biyan ko kwabo tun da Kotun Ƙoli ta soke kuɗin a Yulin 2017, a ƙarar da ƙungiyar Unison ta kai. Sai dai shari'a takan ja watanni masu yawa, don haka kada ka ɗora kuɗin hayar wata mai zuwa a kanta.

Inda kuɗin hayar zai fito

Mutane har yanzu suna cewa za su je neman Housing Benefit. Wannan tsohon tsari an rufe shi ga yawancin sababbin masu nema, sai waɗanda suka kai shekarun fansho da mazauna masaukin wucin gadi ko gidajen kulawa ta musamman. Duk wanda ba ya cikin waɗannan yanzu Universal Credit yake nema, kuma kuɗin haya wani kaso ne a cikinsa.

Ba sai an sallame ka za ka nema ba. Tun ranar da albashi ya faɗo zuwa kuɗin jinya kana iya cancanta. A ƙaddara mutum ɗan shekara 40, ba iyali, wanda aka amince masa da fam 650 na haya. A shekarar 2025 zuwa 2026 kason ci da sha na wanda ya kai shekara 25 fam 400.14 ne a wata. Jimla fam 1,050 ke nan. Ana ɗaukar kuɗin jinya kamar albashi, a cire fam 55 a kowane fam 100, wato kusan fam 283 daga 515 ɗinsa. Zai karɓi wajen fam 767 a kan kuɗin jinyarsa. Duk watan da ya yi yana jinkiri, wannan kuɗi ya wuce, domin da wuya ake mayar da lissafi baya, in ma an yi ba ya wuce wata ɗaya.

Akwai wuri ɗaya da ɗan jinkiri ke da amfani. In ka san albashin ƙarshe da kuɗin notis da na hutu za su shigo nan da 'yan kwanaki, ka bari su shigo tukuna. In suka faɗo bayan ka shigar da buƙata, za a lissafa su a matsayin abin da ka samu a watan farko, su cinye tallafin watan.

Ta intanet ake nema. Ka tanadi yarjejeniyar haya, shaidar ko kai wane ne, bayanan banki da takardar likita. Mata da miji tare suke nema, kuma ana haɗa abin da suke samu. Biya na farko sai bayan mako biyar. Ana ba da adibas marar ruwa da za a riƙa cira har wata 24. Ka karɓi daidai buƙata kawai. Ƙungiyar Citizens Advice tana taimaka wa mutum ya cike buƙatar farko kyauta.

Sai batun dukiya. Ƙasa da fam 6,000 ba a taɓa ka. Daga nan zuwa fam 16,000 ana rage fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250. In ka haura 16,000 babu tallafin. Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne lissafin bai tsaya a bakin teku ba: fili a Kano, gidan da ake gini a Maraɗi, kuɗin da ke asusun banki a Kumasi, duk dukiya ce da ake son ka bayyana, su kuma su kimanta. Haka kwasar adashi in ta zo hannunka. Tura kuɗi gida da gangan don ajiyarka ta sauko ƙasa da iyaka ma suna da hukuncinsa: sai su lissafa tamkar kuɗin na hannunka. New Style ESA ne ba ya duba ajiya ko albashin abokin zama, fam 92.05 a mako a shekarar 2025 zuwa 2026 ga wanda ya kai 25, amma ana cire shi daga Universal Credit in mutum yana karɓar duka biyun.

Kada ka ɗauka duk hayar za a biya. Ga mai haya a hannun 'yan kasuwa, kowane yanki yana da iyakar da aka yanka, wadda aka ɗauko daga farashin gidaje masu araha na yankin. An sabunta ta a Afrilun 2024, aka kuma bar ta a tsaye a 2025 alhali haya na ta hawa. Marar iyali da bai kai shekara 35 ba, kuɗin ɗaki a gidan haɗaka kawai ake ba shi, sai dai in yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai karɓar kason hidimar yau da kullum na PIP. Mazaunin gidan ƙaramar hukuma ko na ƙungiyar gidaje kuwa, ana rage masa kashi 14 cikin ɗari in yana da ɗakin kwana ɗaya da ya yi rara, kashi 25 in biyu ne. Giɓin da ya rage ana iya neman ƙaramar hukuma ta cike shi na ɗan lokaci daga asusun agajin haya da take riƙe da shi. Ba dole ba ne ta bayar, amma mai jinya da ya kai takardu da lissafin abin da yake kashewa yana da hujja mai ƙarfi. Rangwamen harajin ƙaramar hukuma ma a can ake nemansa, ba ya zuwa da kansa.

Tun ranar farko ka shaida musu kana jinya, ka riƙa tura takardar likita ba yankewa. Bayan kamar mako huɗu za a aiko maka da dogon fom na auna iya aiki, sannan ganawa. Wanda aka samu ba ya iya aiki ko shirin aiki ana ƙara masa wani kaso, fam 423.27 a wata a 2025 zuwa 2026, wanda aka zaftare kusan rabinsa ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026. Wata uku ake jira kafin ya fara, kuma daga ranar da ka fara miƙa shaidar likita ake ƙirgawa. In hukuncin bai yi maka ba, wata ɗaya gare ka ka nemi a sake dubawa, daga nan sai kotu.

Mai niyyar komawa gida don jinya a gaban dangi ya yi hattara. Universal Credit ba ya wuce wata ɗaya in mutum yana waje, sai a wasu yanayi kamar tafiya neman magani a hannun ƙwararren likita, inda zai iya kaiwa wata shida. Ka sanar da su kafin ka hau jirgi, in kuma har yanzu kana kan aiki ka sanar da wurin aikin a rubuce.

Kai da mai gida

Ka rubuta masa tun kafin ranar biya ta wuce: ga halin da ake ciki, ga ranar da aka shigar da neman tallafi, ga abin da za ka iya bayarwa yanzu. Ko kaɗan ne ka bayar, ta banki, don ya bar shaida. In kuɗi ya yi kaɗan, haya da harajin ƙaramar hukuma da wuta su ne a gaba. Katin bashi da kuɗin da aka saba turawa gida su jira, ko da za a yi ƙorafi a waya. Kana iya roƙon a riƙa tura kason haya kai tsaye ga mai gida, abin da kan kwantar masa da hankali. In basussuka sun taru, ƙungiyoyi irin su StepChange suna iya shigar da kai tsarin da aka fara a 2021, wanda ke dakatar da masu bin bashi na kwana 60.

Takardar notis daga mai gida ba ta nufin ka tattara kaya. Sai ya je kotu, kotu ta ba da umarni, sannan ma'aikatan kotu su zo. Canja makulli ko fitar da kayanka ko yanke wuta laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1977. A Ingila an daɗe ana ɗaukar bashin wata biyu a matsayin iyakar da alƙali ba shi da zaɓi sai ya ba da gidan, dokar masu haya ta 2025 kuma ta ɗaga ta zuwa wata uku. Ko wacce ke aiki a kanka, ka yi ƙoƙarin sauko da bashin ƙasa da iyakar kafin ranar zaman kotu, kuma ka halarci zaman. In ana barazanar ka rasa gida cikin kwana 56, ka je sashen gidaje na ƙaramar hukuma, domin a Ingila wata doka ta 2017 ta wajabta musu taimaka wa wanda ya cancanta tun bai kai ga titi ba. Kada ka fita da kanka kafin ka gan su, don suna iya cewa kai ka jawo wa kanka rashin matsuguni.

Wanda yake zaune a ɗaki cikin gidan da mai gidan ma yake kwana, suna haɗa kicin ko banɗaki, shi ba shi da yawancin wannan kariya: notis daidai gwargwado ya isa a fitar da shi ba tare da kotu ba. Yawancin sababbin zuwa haka suka fara, a gidan ɗan gari ko abokin ɗan'uwa, ba takarda, kuɗi hannu da hannu. Irin wannan mutum yana iya samun kason haya in bizarsa ta yarda, amma sai ya nuna da gaske haya yake biya, kuma ba a biya in mai gidan da yake zaune da shi ɗan'uwa ne na kusa kamar uba, wa ko ƙane. Ya roƙi mai gidan ya rubuta masa wasiƙa mai ɗauke da adireshi, nawa ake biya, tun yaushe, da sa hannu, sannan daga wannan watan ya koma biya ta banki.